Ɗanlami da Jakin Gwanja: kundin aikin littafin yara

4 ga Nuwamba

Yau na buɗe wannan kundi don in riƙa rubuta inda na kwana da inda na tashi a aikin littafin nan, domin na san halina. In ba a rubuce ba, sai in share wata biyu ina cewa gobe.

Littafin na 'yan shekara 11 zuwa 14 ne. Labarin wani yaro ne, Ɗanlami, ɗan shekara 13, ɗan fari a gidansu, wanda ya bi ayarin fatake daga Kano zuwa Gwanja sayen goro, a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi da ya hau gadon sarauta a 1855. Na zaɓi wajajen 1860 ne da gangan, tun kafin Turawan Ingila su ci Kumasi, babban birnin Asante, a 1874 harkar goro ta birkice, tun kafin yaƙin basasar Gwanja na 1892 ya watsa kasuwar Salaga, mahaɗar fataken goro a ƙasar Gwanja. Ina son yaron ya fita Ƙofar Kabuga yana yaro, ya dawo an fara yi masa kallon mutum. Ba na son ya tsinci zoben tsafi ko ya hau bayan aljani. Jaki ɗaya za a damƙa masa, baƙi wuluk, sunansa Duna, shi ne duk abin da ke hannunsa.

Babi 12 nake hasashe, kowane kamar kalma 1,500. Na sayi littafin rubutu mai kauri biyu da biro, naira 3,200.

9 ga Nuwamba

Babi na 1 ya kammala da hannu. Daren tashi, uwa tana daka gumba tana ɓoye hawaye. Na fara na 2.

16 ga Nuwamba

Na je kasuwar goro ta Mariri. Adaidaita sahu zuwa da dawowa naira 2,400, goron gaisuwa naira 1,500, wanda abin dariya ne, kai wa ɗan goro goro.

An haɗa ni da wani dattijo da kakansa ya yi fatauci da ƙafa kafin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Na zauna a bakin rumfarsa da littafina a buɗe, ina ta jero tambayoyi kamar mai ƙidayar jama'a. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Malam, rufe takardar nan, miƙo hannunka." Ya kwance huhu ɗaya, ya ɗage ganyen fita, wani sanyi mai ƙamshin ƙasa ya taso. Ya ce in tsamo masa mai sankara a ciki. Na juya, na juya, na ɗauko wani mai tabo na miƙa. Ya ce wannan lafiyarsa lau, ƙuje shi kawai aka yi. Ya sa yatsa biyu ya ɗauko wani jajir mai sheƙi, wanda da ni ne shi zan fara saya, ya nuna mini wani ɗan ɗigo kamar bakin allura kusa da tsagarsa, ya ɓare. Cikin duk ya zama gari.

Ya ce aikin yaron ayari a hanyar dawowa ke nan. Duk 'yan kwanaki a sauke huhu, a kwance, a tsince mai sankara kafin ya harbi 'yan'uwansa, a yayyafa ruwa, a sake naɗewa. In ruwa ya yi yawa goro ya ruɓe, in ya yi kaɗan ya yanƙwane. Wata da watanni ana haka. Na ce, "Baba, to in yaro ya yi sakaci fa?" Ya ce, "Ai shi ke nan ya cinye wa ubansa shekara."

A adaidaita na rubuta wannan jimlar a bayan hannuna don kada ta gudu. Na samu abin da Ɗanlami zai ɓata a babi na 9.

Kalmomin da na kwaso: goriya, daushe, farsa. Ƙwarya ɗaya goro 100 ke nan.

23 ga Nuwamba

Yau na sha ƙasa.

Na tara yara 9 a zauren gidanmu bayan la'asar, ciki har da ɗiyar yayata mai shekara 12 wadda ba ta iya ɓoye abin da ke ranta ba. Na karanta musu babi na 1 da na 2. Na farkon ya tafi daidai, har wani ya tambaya ko gumbar da zuma ce. Da na shiga na 2, inda madugu ya tara yara yana yi musu bayanin tsarin ayari, wane ne jagaba, wane ne uban dawaki, me malamin ayari ke yi, su wane ne Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari da suka shahara a wannan fatauci, sai na ga ƙafafu sun fara motsi. Ɗaya ya fita shan ruwa bai dawo ba. Biyu suna wasa da murfin kwalba a ƙarƙashin tabarma suna zaton ban gani ba.

Da na gama na ce to yaya. Shiru. Sai ɗiyar yayata ta ce, "Kawu, wannan ai darasin tarihi ne ka sa wa madugu rawani." Wani kuma ya ce, "Malam, ina jakin ya tafi?"

Da gaskiyarsu. Shafi shida cur babu Duna, babu Ɗanlami, sai ni a tsaye gaban allo. Ciwon malamin makaranta ne: duk abin da na sha wahala na samo sai na ga asara ce in ban zazzage shi gaba ɗaya ba. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ko a tatsuniyar da kakata ke yi mana ba a taɓa tsayawa a yi bayanin wane ne Gizo ba. Ana cewa ga ta nan ga ta nanku, sai ka gan shi ya riga ya shiga rumbun wani.

Na yanke shawarar rushe babin. Yaro zai san jagaba ne ranar da Duna ya tsinke ya shiga gabansa aka daka masa tsawa. Zai san uban dawaki ranar da aka tsaya ana cinikin kuɗin hanya da mutanen wani gari, rana tana dukansu, kaya a bayan jakai. Sunayen Agalawa da sauransu za su fito a bakin masu zolayar juna a zango, ko kuma su zauna a littafin bincikena.

Alewa da ruwan leda na yara, naira 1,800.

27 ga Nuwamba

Sabon babi na 2. Daga shafi 9 ya koma 5. Ɗanlami ya ɗaura akumari a karkace, mangala ta zame, kanwa ta zube a gaban mutane. Ubansa ya wuce bai ko kalle shi ba.

6 ga Disamba

Babi na 3 da na 4. Na ba wani abokina malamin tarihi ya duba, ya dawo mini da takardun sun sha jan biro.

Kuskure na farko babba ne. Na bi da ayarin kudu sak, kamar za su Ikko, saboda a kaina goro daga kudu yake zuwa a mota. Hanyar Gwanja ta wancan lokaci yamma take fara yi, ta ƙasar Sakkwato da Kabi, a ƙetare Kwara ta wajen Yawuri ko Ilo, a ratsa ƙasar Bargu ta Nikki da ke Jamhuriyar Benin a yau, a bi ta Yendi ta Dagomba, sannan Salaga a arewacin Gana ta yanzu. Zuwa da dawowa kan ci wata shida, wani lokaci har shekara. Kuma goron ba a Salaga yake tsirowa ba, daga kurmin Asante ake hauro da shi, Salaga mahaɗa ce kawai. Ni kuwa har na tsara yadda Ɗanlami zai hau bishiyar goro a bayan gari.

Na biyu, na sa yaron ya sayi ƙosai da kwabo. Babu kwabo babu sule sai da Turawa suka zo. Wuri ake ƙirgawa, kuma keso ɗaya wuri 20,000 ne, kaya guda mai nauyi. Wannan ya buɗe mini ƙofa: kuɗin da kansa sai an ɗauke shi a jaki, shi ya sa fatake suka fi son tafiya da haja, kanwa da baƙin rini na Kano da jar fata da gabu, su sayar a hanya.

Na uku, ashana. Asabe, yarinyar da ke taya uwarta dafa wa ayari abinci, ta ƙyasta ashana a shafi na 31. Ta koma ƙyastu da auduga.

Ban ji daɗi ba a lokacin, amma gara jan bironsa da dariyar wani bayan an buga.

14 ga Disamba

Kwamfutar ta mutu. Daren jiya aka kawo wuta da ƙarfi ina cikin buga babi na 6, na ji ɗan ƙauri, fuskar ta yi baƙi. Mai gyara ya ce abin caji ne ya ƙone ya taɓa cikin, ya karɓi naira 18,000, ta tashi, amma fayil ɗin ya ƙi buɗuwa sai wasu alamomi kamar rubutun aljanu.

Babi na 1 zuwa 4 suna nan a littafin hannu. Na 5 da rabin na 6 kuwa kai tsaye na buga su, don na ga hannu yana ɓata mini lokaci. Sun tafi. Na 5 shi ne ƙetare Kwara, wanda na fi so duk a cikin abin da na rubuta: mutane da kaya a kwalekwalen Sarkawa, jakai a ruwa ana riƙe da kawunansu a gefen jirgi, Duna ya kafe ƙafa a bakin gaɓa ya ce shi kam a kai kasuwa. Akwai wani sakin layi da Ɗanlami ya tuɓe rigarsa ya rufe wa jakin ido yana yi masa waƙar da uwarsa ke yi in tana daka. Na kwana ina ƙoƙarin tuno yadda na jera shi, ya ƙi dawowa.

Na sayi filashi, naira 5,500. Daga yau duk dare sai na aika wa kaina aikin ta imel kafin in kwanta.

15 ga Disamba

Ban rubuta komai ba.

22 ga Disamba

An yi hutun makaranta. Na sake babi na 5. Ya fi na da gajarta, kuma wannan karon Asabe ce ta ba da shawarar rufe idon, Ɗanlami ya ƙi don kada a ce mace ta koya masa, sai da jakin ya kusa jefa shi ruwa. Ina jin ya fi na farkon, ko kuma ina lallashin kaina ne. Babi na 6, harin 'yan fashi a dajin Bargu, ya kammala.

30 ga Disamba

Kwana biyar ina zagaye babi na 8 kamar kaza da ƙwai.

Salaga ba goro kaɗai ake sayarwa ba. Babbar kasuwar bayi ce, kuma a cikin ayarin kansa akwai bayi masu ɗaukar kaya a ka. Da na so in tsallake, in nuna rijiyoyin garin birjik da yadda ake sayen ruwa da wuri, in nuna harsuna barkatai a kasuwa, in ɗauki goro in juyo. Ai littafin yara ne. Amma in na yi haka na yi musu ƙarya, kuma ƙaryar da ta fi ta kwabon ƙosai nauyi. Tun da na ce labarin daga al'adarmu ya fito, ba ni da ikon ɗaukar rawani da kirari in bar igiyar.

Sai na koma baya na sa wani yaro tun daga babi na 3, Nasamu, sa'an Ɗanlami, wanda ke ɗaukar kaya a ka alhali shi Ɗanlami yana kora jaki. Suna cin tuwo tare, suna langa a zango. Ɗanlami bai taɓa tambayar kansa me ya sa ba. A Salaga ne mai shi ya sayar da shi don ya ƙara huhun goro biyu, Ɗanlami ya dawo daga shayar da Duna ya tarar babu shi, sai gammonsa a ƙasa.

Na karanta wa yaran jiya. Babu wanda ya fita shan ruwa. Wani ƙaramin cikinsu ya ce, "Malam, to me ya sa bai bi shi ya kwance shi ba?" Na ce kai a ganinka zai iya? Suka kaure da gardama har aka kira magariba. Ɗiyar yayata ta ce in ban dawo da Nasamu a ƙarshe ba, ba za ta ƙara karanta littafina ba. Ba zan dawo da shi ba. Gammon dai Ɗanlami zai ɗauka ya zo da shi har Kano.

8 ga Janairu

Mai zane ya kawo gwaji uku. Mun yi da shi zane 12 da bango a kan naira 90,000, na ba da 30,000 kafin alƙalami.

Hannunsa na da kyau, amma Ɗanlamin da ya zana ba na Kano ba ne. Ya sa masa fatar damisa a ƙugu, mashi a hannu, fenti a fuska, bayan shi kuma raƙumin dawa da rana tana faɗuwa. Na ce wannan yaron daga ina? Ya ce ai haka ake zana labarin Afirka, haka yake gani a intanet. Yaron da ya taso a birni mai ganuwa da marina da makarantar allo! Na kai shi Kurmi muka tsaya wajen masu kayan jakai, ya ga akumari da mangala da idonsa, muka biya Ƙofar Mata ya ga baƙin rini yana ɗiga. Ya yi ta ɗaukar hoto da waya bai ce komai ba. Da za mu rabu ya ce shi ma kakansa na da irin wannan taguwar.

Kuɗin mota mu biyu, naira 3,000.

12 ga Janairu

Babi na 9 da na 10. Ɗanlami, cikin fushin abin da ya faru a Salaga, ya ƙi kwance huhu har zango uku. Sankara ta ci rabin huhu ɗaya na ubansa.

18 ga Janairu

Na kai babi uku wani shagon buga takardu don in ga yadda shafi zai fito. Da aka miƙo mini, duk inda ƙ da ɗ da ɓ suke sai ɗan akwati. Sunan jarumin kansa ya zama akwati da "anlami". Yaron shagon ya ce a mayar da su k da d da b kawai, ai kowa zai gane. Na ce masa akwai bambanci tsakanin ƙafa da kafa, da ɓata da bata, kuma yaran da nake rubuta wa yanzu suke koyon rubutun. Samfurin haruffan da ke kwamfutarsu ne ba shi da masu lanƙwasa. Na koma gida na mayar da fayil ɗin PDF, aka sake bugawa ya fito daidai. An caje ni duka biyun, naira 4,600.

Jimlar abin da ya fita zuwa yau naira 70,000 cif. Sauran mai zane 60,000.

25 ga Janairu

Ƙarshen labarin ya hana ni barci.

Yadda na fara rubuta shi: sun iso Ƙofar Kabuga, uban ya dafa kafaɗar Ɗanlami, ya kira sunansa, ya ce yau ka zama namiji, ina alfahari da kai. Na karanta da ƙarfi ni kaɗai, sai na ji kamar fim ɗin da aka fassara. Ɗanlami ɗan fari ne. Uban wancan zamani ba ya kiran sunan ɗan farinsa, ba ya wasa da shi, a gaban mutane ma kamar bai san shi ba. Tun babi na 1 na gina wannan kunyar, "yaron nan", "kai", "wancan". Shi ne ma abin da ke cin yaron a rai duk tsawon hanyar.

Na koma Mariri wajen dattijon na karanta masa. Ya saurara yana taunar farsa. Ya ce, "A gaban ayari? Ya kira sunansa?" Ya girgiza kai. Ya ce shi ma ɗan fari ne, har mahaifinsa ya koma ga Allah bai taɓa jin sunansa a bakinsa ba. Na ce, "To Baba, ta yaya kuka san ya yarda da ku?" Ya yi shiru har na zaci bai ji ba. Sannan ya ce wata rana wani mai saye ya zo rumfa yana taya huhu, mahaifin nasa yana zaune, sai ya nuna shi da haɓa ya ce a yi da shi. Ya ce ranar da ya koma gida kasa cin tuwo ya yi.

Ban rubuta komai a gabansa ba. Mota naira 2,400.

1 ga Fabrairu

Babi na 12 ya kammala. A zangon ƙarshe kafin Kano wani bafatake ya zo wajen uban yana son a ba shi aron Duna ya ƙarasa da kayansa, nasa jakin ya gurgunce. Uban bai ɗago daga tsintar goron da yake yi ba, ya ce, "Tambayi mai jakin."

Na karanta wa yaran. Uku sun gane nan take, ɗaya har ya buga cinya. Sauran suka ce shi ke nan? Ɗiyar yayata, wadda ta ce ta daina karantawa amma ga ta a gaban tabarma, ta ce, "Kawu, ka ƙara layi ɗaya, a ga fuskar Ɗanlami." Ina tunanin tana da gaskiya, amma layi ɗaya tak, kuma ba hawaye. Wataƙila ya duƙa yana gyara akumarin da ba abin da ya same shi.

Abin da ya rage: in sake bin babi na 7, wanda har yanzu yana da ƙamshin allo a wurin da malamin ayari ke magana. In mayar wa abokina malamin tarihi babi na 8 zuwa 12. Mai zane ya yi alkawarin sauran zane 9 kafin 20 ga wata. In tambayi maɗaba'a biyu kuɗin kwafi 500, in kuma tabbatar da idona cewa haruffansu na da lanƙwasa kafin in ajiye ko sisi.